Bashin da Inna ba ta ci ba: abin da shafin IdentityTheft.gov ya yi mana a Teksas

Inna ba ta taɓa riƙe katin bashi ba a rayuwarta. Shekararta 68, ta dawo wajenmu Houston, a jihar Teksas ta Amurka, a 2019 bayan rasuwar Baba, kuma kuɗin da ke ratsa hannunta bai wuce na sadakar Juma'a da ɗan abin da take ƙullewa don jikoki ba. Wayarta ma a kan layin mijina take. Shi ya sa ranar da wasiƙa ta zo da sunanta, cikin Fabrairun 2024, daga wani kamfanin karɓo bashi, wai ana bin ta dala 2,340 na wayoyi huɗu da layukansu, sai da na karanta sau uku ina tsaye bakin akwatin wasiƙa kafin na iya hawa bene.

Da na sani da na bari sai na gama bincike kafin in faɗa mata. Amma na shiga na same ta tana tsintar wake, na fassara mata takardar kamar yadda take. Ta ajiye faifan a hankali ta ce, "Bashi? Ni?" Na ce, "Inna, ba ke kika ci ba, wani ne ya yi sojan gona da sunanki." Ta ce, "To ai sunana ne a rubuce, 'yar nan. In Allah Ya karɓi raina a daren nan, wa zai sauke min?" Mijina ya durƙusa daga bakin ƙofa yana cewa, "Hajiya, ku kwantar da hankalinku, ba za ku biya ko sisi ba." Ita kuwa ba biyan ne ya dame ta ba. Mutumin da ya tashi yana jin yadda ake tambaya a wajen jana'iza ko akwai mai bin mamaci bashi, ba za ka lallashe shi da maganar kuɗi ba. Daren nan ba ta ci tuwo ba.

Ga wanda ke karantawa daga gida, bari in yi ɗan bayani. A Amurka kowa yana da lamba mai alƙaluma tara da ake kira Social Security. Ka ɗauke ta kamar NIN da BVN a haɗe, sai dai ta fi su nauyi, domin a nan kusan komai a kan bashi yake tafiya. Wanda ya samu sunanka da ranar haihuwarka da wannan lamba zai iya shiga shago ya ɗauki waya, ya buɗe katin sayayya, ya nemi bashin mota, kai kana gida kana barci. Akwai manyan kamfanoni uku da ke ajiye tarihin bashin kowane mutum, Equifax da Experian da TransUnion, kuma abin da suka rubuta a kanka shi mai gidan haya da banki za su duba kafin su saurare ka.

Tsoro ya sa na fara da inda bai kamata ba. Washegari da safe na yi wa Inna rajista da ɗaya daga cikin kamfanonin nan masu tallar cewa za su tsare maka sunanka, dala 25 duk wata, har da alƙawarin inshora mai yawan sifiri. Ba zan kama sunansa ba. Na kira su ina murna na samu mai ɗauke min kaya, sai aka ce dole mai asusun ta yi magana da bakinta. Inna ba ta jin Turanci, su kuma ba su da tafinta. Aka ce in aiko da takardar wakilci mai hatimi, na aika, aka ce jira. Da aka zo kan maganarmu sai aka nuna min inda aka rubuta da ƙananan baƙaƙe cewa ɓarnar da ta riga rajista ba ta cikin inshorar. Abu ɗaya na alheri da zan shaide su da shi, sun turo saƙo lokacin da wani ya sake gwada neman bashi da lambar Inna. Wata biyar na biya na daina.

Wata abokiyar aikina ce a gidan kula da tsofaffi, mutuniyar Gana, ta ce min, "Ke, me ya kai ki biyan kuɗi? Shiga IdentityTheft.gov, na gwamnati ne, kyauta ne." Shafin na hukumar FTC ne, hukumar tarayya mai kare masu saye da sayarwa. A kan shi nake son in yi magana, domin shi ne ya fitar da mu.

Bayan isha muka zauna a teburin cin abinci, kwamfutar ɗana ta makaranta a gabana, Inna a gefe da carbinta. Shafin da Turanci yake, akwai kuma na Sifaniyanci, don haka wanda zai cika wa dattijo sai ya zauna kusa da shi yana fassarawa. Tambayar farko ita ce me ɓarawon ya yi da bayananka: katin bashi ne, waya ko wutar lantarki, asusun banki, haraji ko aiki, tallafin gwamnati, rance ko haya. Na zaɓi waya. Daga nan sai ya bi mu daki-daki, wane kamfani, yaushe kuka lura, nawa ne, kun san wanda ya yi ko ba ku sani ba. Turancin mai sauƙi ne, ba irin na lauyoyi ba, kuma duk inda ba ka da amsa za ka iya wucewa. Can ƙarshe akwai fili da ake son mutum ya faɗi abin da ya faru da kalmominsa. Na tambayi Inna me zan rubuta. Ta ce, "Ki gaya musu ni ko hanyar shagon ban sani ba, kuma tun da na zo ƙasar nan ban taɓa fita ni kaɗai ba." Haka na rubuta, ban ƙara ba ban rage ba. Kafin a aika, shafin ya gargaɗe mu cewa yin ƙarya a wannan rahoto laifi ne a dokar tarayya. Da na fassara mata sai ta ce, "Ko ba su faɗa ba, ai Allah na gani." Duka-duka minti arba'in muka yi.

Abu biyu ya ba mu. Na farko takarda ce mai suna rahoton satar bayanai, ɗauke da sunan hukumar da lambar rahoto. Na biyu jerin matakai ne da aka tsara daidai da abin da ya same mu, kowane da wasiƙarsa a rubuce, an riga an saka sunan Inna da adireshinmu, sai bugawa da sa hannu kawai. Shawarata ga duk wanda zai shiga ita ce ya buɗe asusu a shafin. Wanda bai buɗe ba dole ya buga takardunsa nan take, domin in ya fita ba zai sake samun su ba. Mu da muka buɗe, duk matakin da muka gama sai in koma in yi masa alama, kuma da sabuwar ɓarna ta fito na iya ƙara ta cikin rahoton.

Sabuwar ɓarnar kuwa ta fito. Cikin matakan akwai duba tarihin bashi a AnnualCreditReport.com, wanda yanzu ake iya dubawa kyauta kowane mako. A nan muka ga katin wani shago da aka ci dala 870, da adireshi a jihar Jojiya, kusa da Atlanta, inda Inna ko jirginta bai taɓa sauka ba. Muka kulle tarihin nata a kamfanonin uku. Kullewar nan kyauta ce tun Satumbar 2018, kuma ita ce ainihin maganin, domin muddin a kulle yake ba mai ba da bashin da zai iya dubawa, in kuwa bai duba ba ba zai bayar ba. Da yake Inna ba ta da tarihin kanta da za a yi mata tambayoyin tantancewa a kai, ɗaya daga ciki sai ta gidan waya muka aika da kwafin takardunta. Rahoton FTC ya kuma ba mu damar saka gargaɗin zamba na shekara bakwai a kan sunanta, maimakon na shekara ɗaya da kowa ke iya sakawa.

Ƙarfin takardar nan ban gane shi ba sai da na ga yadda murya ke sauyawa a waya. Kafin mu same ta, duk wanda na kira sai ya riƙa yi min magana kamar mai neman gudun biyan bashi. Bayan na ce ina da rahoton FTC, ga lambarsa, sai a haɗa ni da sashen zamba. Dalili shi ne doka ce ta tsaya mata. Dokar tarayya ta ce in ka kai wa kamfanin tarihin bashi wannan rahoto da shaidar ko kai wane ne, dole ya toshe bayanan ƙaryar cikin kwanaki huɗu na aiki. Ta kuma ce kamfanin da ya ba ɓarawo kaya da sunanka dole ya ba ka kwafin takardun cinikin cikin kwana 30 in ka nema a rubuce. Mun nema. Bayan kusan mako huɗu ambulan ya zo, ciki har da takardar da aka sa wa hannu a shagon waya. Na shimfiɗa ta a teburin na kira Inna. Wani rubutun boko ne mai lanƙwashe-lanƙwashe, da sunanta an rubuta harafi ɗaya ba daidai ba. Inna da ajami take sa hannu, haka yake a fasfonta, haka yake a katin zamanta. Ta daɗe tana kallon takardar, ta sa yatsa a kan rubutun, sannan ta ce, "Allah Ya isa." Ban taɓa jin ta faɗi wannan kalma a kan kowa ba sai ranar.

A nan ne maganar hukunci ta shigo, domin mijina ya dage sai an kama mutumin. Ya kamata mai karatu ya san iyakar aikin shafin tun da wuri. Aikinsa wanke sunanka ne. FTC ba ta bin sawun ɓarawo ɗaya-ɗaya, tana zuba rahotannin ne cikin rumbun da jami'an tsaro ke dubawa, kuma a 2023 kaɗai rahoton satar bayanai da ta karɓa ya haura miliyan ɗaya. Kamu da gurfanarwa, galibi aikin 'yan sanda da masu gabatar da ƙara na jiha ne, kuma kowace jiha da tata dokar. Wannan ɓangaren sai ka tashi ka nema da kanka, a shafin babban lauyan jiharka ko wajen lauyoyin da ke taimaka wa marasa ƙarfi kyauta.

Zuwanmu na farko ofishin 'yan sanda bai yi daɗi ba. Wanda muka tarar a kanta ya ce tunda katin a wata jiha aka ci, mu nemi 'yan sandan can. Muka dawo jiki a sanyaye. Wata lauya a irin wuraren taimakon nan ce ta zaunar da ni ta ce dokar Teksas ta wajabta wa ɗan sandan da aka kai wa ƙarar satar bayanai ya rubuta rahoto, kuma a ba wanda aka zalunta kwafi in ya nema. Ta ce ana ma iya yin shari'ar a gundumar da wanda aka cuta yake zaune, ko da ɓarawon a wani wuri ya yi aika-aikarsa. Muka koma da rahoton FTC da takardar shagon waya da katin shaidar Inna, aka rubuta, aka ba mu lamba.

Ita ce kuma ta buɗe min sashe na 32.51 na kundin laifuffukan Teksas, kuma na jinjina wa wannan doka. A Teksas ba a tambayar nawa ɓarawo ya ci. Abin da ake ƙirgawa shi ne yawan bayanan mutane da aka samu a hannunsa. Ƙasa da guda biyar, babban laifi ne tun daga nan, ɗaurin kwana 180 zuwa shekara biyu. Biyar zuwa tara, shekara biyu zuwa goma. Goma zuwa 49, shekara biyu zuwa ashirin. Hamsin zuwa sama, shekara biyar zuwa 99 ko rai da rai, kuma a kowane mataki ana iya haɗawa da tarar da ta kai dala 10,000. Sai ta ɗago ta tambaye ni shekarun Inna. Da na ce 68 sai ta ce to an ƙara masa, domin in wanda aka cuta ya kai shekara 65, laifin yana hawa mataki ɗaya. Ke nan wanda ya sa hannu a takardar nan, ko da bayanan Inna kaɗai aka kama shi da su, shekara biyu zuwa goma ke jiran sa. Alƙali kuma yana iya tilasta masa ya biya asarar da ya jawo, har da ranakun aikin da mutum ya rasa, amma banda kuɗin lauya. Ni kaina ranakun aiki huɗu na rasa a kan wannan magana.

Na ga hikimar ƙirga bayanai maimakon kuɗi. Mai wannan sana'a ba kasafai yake tsayawa a kan mutum ɗaya ba, kuma ɓarnar da ya yi wa Inna ba a auna ta da dala. Ba kowace jiha ce ke kallon abin haka ba. Ƙanin mijina da ke tuƙin tasi a Bronx, a New York, da aka yi masa irin wannan shekarun baya, can kuɗin ake dubawa: in abin da aka ci bai wuce dala 500 ba ƙaramin laifi ne da ɗaurinsa bai wuce shekara guda ba, in ya haura 500 ya zama babban laifi mai kai wa shekara huɗu, in ya haura 2,000 shekara bakwai. A Kalifoniya mai gabatar da ƙara ne ke zaɓa ko ya ɗauke shi ƙaramin laifi ko babba, kuma babban ma bai wuce shekara uku ba. Fulorida ta haɗa biyun, tana duba kuɗi tana duba yawan mutane, ta kuma ɗaure hannun alƙali: in kuɗin ya kai dala 5,000 ko mutanen sun kai goma, ba za a yanke ƙasa da shekara uku ba. Jojiya, inda aka ci katin Inna, shekara ɗaya zuwa goma ce da tarar da ke iya kai wa dala 100,000. Laifi ɗaya, tsohuwa ɗaya, amma nauyinsa ya danganta da jihar da aka yi shari'ar. Wannan bai kwanta min ba har yau.

Dokokin ba su ma daɗe ba. Arizona ce jihar farko da ta mai da satar bayanai laifi mai zaman kansa, a 1996, sannan gwamnatin tarayya ta yi tata a 1998, mai kai wa ɗaurin shekara 15. A 2004 aka ƙara wata da ke ɗora shekara biyu tilas a kan hukuncin wanda ya yi amfani da bayanan wani wajen aikata wasu manyan laifuffuka. Sai dai masu gabatar da ƙara na tarayya sun fi bin manyan gungu. Wayoyi huɗu da katin shago, wannan na jiha ne.

Har yanzu da nake rubutun nan ba a kama kowa ba. Na kira sau uku, lambar rahotonmu na nan, shi ke nan. Mijina abin na ci masa rai, yana cewa me amfanin doka mai kaifi a cikin kube. Ina jin zafinsa, amma ni na ga amfanin rahoton 'yan sandan ta wani gefen, domin shagon da ya ba da katin sai da ya gan shi tare da na FTC kafin ya rufe maganar. Lauyar ta kuma ce in da sun ƙi, dokar Teksas ta ba mutum dama ya je kotun gunduma a yanke masa hukuncin cewa shi wanda aka sace wa bayanai ne, ko da ba a san ɓarawon ba. Wasu jihohin, kamar Virginia da Maryland, kati suke bayarwa da mutum zai nuna wa ɗan sanda in an tare shi a kan laifin da wani ya yi da sunansa. Mu Allah Ya taƙaita, ba mu kai can ba.

Akwai maganar da nake so 'yan'uwa mazauna nan su ji. Ta ina lambar Inna ta fita, ba zan ɗora wa kowa ba, zato zunubi ne. Amma da na zauna na lissafa hannayen da katinta na Social Security ya ratsa, sai jikina ya yi sanyi. Ni da kaina na ɗauki hotonsa na tura wa wani ta WhatsApp ya taimaka mana cika takardar inshorar lafiya. Katin kansa a jakar hannunta yake zama, tare da goro da turare, duk inda muka je. Muna da al'adar yarda da juna, abu ne mai kyau, sai dai waya tana ɓata, ana sayar da ita, yara suna wasa da ita. Masu taimaka wa jama'a cike takardu, Allah Ya saka muku, amma ku riƙa goge hotunan in an gama. Dokar Teksas ta ce wanda aka samu da bayanan mutum uku ko fiye ba da izininsu ba, ana ɗauka da niyyar cuta ya riƙe su. Masu ba da aron lamba kuma don wani ya yi aiki da ita, ku sani harajin wannan aikin da duk abin da ya biyo baya da sunanku za a rubuta.

In an tambaye ni, shafin IdentityTheft.gov ya cancanci a fara da shi tun ranar farko, kafin a kira kowa, kafin a biya kowa. Bai nemi ko sisi ba, bai yi min alƙawarin abin da ba zai iya ba, kuma wasiƙun da ya rubuta mana su ne suka yi aikin da na yi wata biyar ina biyan wani ya yi. Wahalar tana nan, kai za ka buga, kai za ka je gidan waya ka aika da rajista, kai za ka ajiye rasit. Na sayi fayil mai aljihu-aljihu na dala uku, kowane kamfani da aljihunsa, ina rubuta ranar kira da sunan wanda na yi magana da shi. Daga baya na karɓar wa Inna lambar sirri ta hukumar haraji, IRS, mai alƙaluma shida da ake sabuntawa duk shekara, don kada wani ya shigar da takardar haraji da sunanta.

Cikin watan Yuni wasiƙar ƙarshe ta zo daga kamfanin karɓo bashin, layi biyar kacal, cewa sun rufe asusun kuma ba sa bin ta komai. Na fassara mata sau biyu, ta sa mijina ya sake fassarawa da ya dawo daga aiki. Sannan ta tashi ta buɗe ƙaramar akwatinta, wadda take ajiye fasfonta da farin yadin da ta taho da shi daga Makka, ta ninke takardar ta saka a tsakani. Ta ce, "'Yar nan, kin ga inda na sa. In wani ya zo bayan raina ya ce yana bi na, ki ɗauko ki nuna masa."